Malamin Jami'ar Da Ya Zauna Ya Ƙirga Sojojin Da Doki Ya Harba

Ga waɗanda data ta yi wa tsiya, ko suke wurin da ba halin kunna murya, ga rubutun shirin wannan makon kamar yadda muka saba.

Yau labarin wani masanin ƙididdiga na kawo muku. Na san da jin kalmar ƙididdiga wasu har sun ɗora yatsa za su wuce. Ku ɗan dakata tukuna. Akwai doki a labarin, akwai sojoji, akwai bama-bamai, akwai kuma wata nas da ta sha ɗauri saboda wani lissafi da aka yi ba daidai ba.

Bari in fara da tambaya. Ka ɗauka kai ne babban hafsan sojojin wata ƙasa, rundunoni goma ne a ƙarƙashinka. Ƙarshen shekara aka kawo maka rahoto: a yawancin rundunonin ba sojan da doki ya harba ya mutu, wasu an rasa mutum ɗaya, amma a wata runduna guda an rasa mutum huɗu. Harbin doki fa nake nufi, na ƙafar baya, ba na bindiga ba. To me za ka yi? Ni dai na san abin da zan yi. Zan kira kwamandan wannan runduna in tambaye shi wane irin sakaci ake yi a bargarsu. Wataƙila ma in sauke shi. Mutumin da za mu yi magana a kansa yau shi ne ya nuna cewa, in na yi hakan, akwai yiwuwar na zalunci bawan Allah ne kawai.

Sunansa Ladislaus von Bortkiewicz. Kada rubutun ya tsorata ku, ana faɗinsa kamar "Bortkiyebic". An haife shi ranar 7 ga Agusta, 1868 a birnin St. Petersburg na Rasha, amma asalin gidansu mutanen Polan ne. Mahaifinsa kanar ne na soja, yana koyar da lissafi da ilimin harba igwa a makarantar sojoji. Shi kuwa ɗan, shari'a ya karanta a jami'ar garinsu, ya gama a 1890. Sai dai tun yana ɗalibi hankalinsa yana kan lissafi da tattalin arziki, har yana musayar wasiƙu da Léon Walras, ɗaya daga cikin manyan masana tattalin arziki na zamanin. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana rubuta wa farfesa a wata ƙasa, farfesan kuma yana ba shi amsa da muhimmanci. Daga nan ya tafi Jamus ƙaro ilimi, ya sami digirin dakta a Göttingen a 1893 a hannun wani malami mai suna Wilhelm Lexis.

Ku riƙe sunan Lexis ɗin nan, don daga wurinsa tambayar ta taso. Abin da ya dame shi shi ne: alƙaluman da gwamnati take tarawa, na haihuwa da mutuwa da aure da laifuka, duk shekara suna hawa suna sauka. To yaya za a bambance hawa da saukar da take dace ce kawai, irin ta jefa kwabo, da wadda take nuna cewa wani abu ya canza a ƙasa da gaske? Ya ƙirƙiro wani ma'auni na gwada hakan, ya kuma gano cewa yawancin alƙaluman jama'a suna tsalle fiye da yadda dace kaɗai zai sa su yi. Kaɗan ne suke zaune lafiya, misali yawan maza da mata cikin jariran da ake haifa. Bortkiewicz ya ɗauki tambayar malaminsa ya kai ta wani lungu da ba a cika leƙawa ba, wato abubuwan da ba sa faruwa sai jefi-jefi.

A 1898, yana da kimanin shekara 30, ya fitar da wani ɗan littafi a Leipzig da bai kai shafi 60 ba. Sunansa da Jamusanci Das Gesetz der kleinen Zahlen, wato Dokar Ƙananan Lambobi. A ciki ya jera alƙaluma iri-iri: na masu kashe kansu, na ma'aikatan da suka mutu a haɗari a wurin aiki, sai kuma wanda duniya ta riƙe har yau, na sojojin Purushiya da doki ya harba suka mutu. Purushiya ita ce babbar daula a cikin Jamus ta wancan lokaci, kuma mutane ne masu rubuta komai. Soja ya mutu da harbin doki, sai an sa a littafi, da shekara da runduna.

Ya ɗauki shekara 20, daga 1875 zuwa 1894, da rundunoni 14, kowacce da dubban sojoji. Jimillar waɗanda suka mutu 196. Huɗu daga cikin rundunonin tsarinsu ya bambanta da na sauran, sai ya ware su gefe ya duba goman da suka yi kama da juna. Zan dawo kan wannan warewar, don ta jawo masa magana.

Yanzu ku zana abin a ranku kamar filin dara. Runduna 10, shekara 20, gurbi 200 ke nan, kowane gurbi runduna ɗaya ce a shekara ɗaya. A cikin waɗannan gurabe 200 an sami mutuwa 122. Ga yadda suka rabu: gurbi 109 ba wanda ya mutu. Gurbi 65 mutum ɗaya. Gurbi 22 mutum biyu. Gurbi 3 mutum uku. Gurbi ɗaya tak mutum huɗu, shi ne na kwamandan nan da na so in sauke.

To ga inda daɗin yake. Bortkiewicz ya ce, mu manta da dawakai, mu manta da kwamandoji. Mu ɗauka mutum ne aka ɗaure wa ido, aka ba shi tsakuwa 122 ya watsa a tsakar ɗaki mai tayil 200. Ai kun san ba za su rabu daidai ba. Wasu tayil ɗin ba za su sami ko ɗaya ba, wasu ɗaya, wani can sai ka ga uku ko huɗu sun taru, ba don tayil ɗin yana da wani asiri ba. Akwai kuwa dabarar lissafin da take faɗa maka tayil nawa ne za su tashi wayam, nawa ne za su sami ɗaya, nawa biyu. Wani Bafaranshe, Siméon Denis Poisson, shi ya kawo ta a wani littafinsa na 1837 kan lissafin hukuncin kotuna, amma ta yi shekara 60 kusan ba wanda ya ɗauke ta ya auna rayuwar mutane da ita.

Abu ɗaya kawai dabarar take buƙata: matsakaici. Raba 122 gida 200, ka sami 0.61. Shi ke nan. Daga wannan lamba ɗaya lissafin ya ce guraben da ba mutuwa za su kai 108.7. Mun ce nawa aka samu? 109. Mai kalkuleta a waya ya biyo ni, sauran ba wuya. Ninka 108.7 da 0.61, za ka sami 66.3, su ne guraben mutum ɗaya, an samu 65. Ninka 66.3 da 0.61 ka raba biyu, 20.2, an samu 22. Ninka wannan da 0.61 ka raba uku, 4.1, an samu 3. Sake ninkawa ka raba huɗu, 0.6, an samu ɗaya.

Ranar da na fara danna wannan lissafi da hannuna sai da na sake shi sau biyu, don na zaci na yi kuskure ne ya sa ya faɗa daidai haka. Doki bai san lissafi ba. Sojan da ya tsaya a bayansa bai san runduna ta gaba ta rasa mutum ko ba ta rasa ba. Amma da aka tara shekara 20, abin ya fito kamar an auna da mudu.

Mu koma kan kwamanda. In ka nuna runduna guda da shekara guda tun kafin shekarar ta shigo, ka ce a nan za a rasa mutum huɗu ko fiye, yiwuwar hakan kusan ɗaya ce cikin 280. Abu ne mai wuya. Amma ai ba haka muke yi ba. Muna jira ne sai abin ya faru, sannan mu nuna da yatsa. Kuma yiwuwar a ce cikin gurabe 200 a sami aƙalla guda ɗaya mai mutum huɗu ko fiye, kusan rabi da rabi ce. Wato ko da duk kwamandojin nan goma kulawarsu ɗaya, dawakinsu halinsu ɗaya, ba abin mamaki ba ne wani a cikinsu ya wayi gari da gawa huɗu a shekara guda. Wa zai faɗa wa? Wannan kam lissafi bai sani ba.

Na san wani zai ce, to ina ƙaddara a nan? Ai ba su ci karo ba. Hausawa sun ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma Bortkiewicz bai taɓa cewa ya san ranar kowa ba. Bai san wane soja ba, bai san wace rana ba, bai san wane doki ba. Abin da ya auna shi ne yadda tsautsayi yake rarrabuwa in an tara shi da yawa, kamar yadda mai shayi bai san wa zai zo gobe ba amma ya san madara gwangwani nawa zai saya.

Abin da ya sa labarin nan ya tsaya min a rai shi ne wani abu da ya faru a unguwarmu ina yaro. A cikin wata ɗaya yara uku suka rasu a layi ɗaya. Kafin sati ya zagayo an fara raɗe-raɗi kan wata tsohuwa da take zaune ita kaɗai a ƙarshen layin, wai mayya ce. Ba wanda ya taɓa ta, amma aka daina sayen ƙuli-ƙulinta, aka hana mu bi ta ƙofar gidanta. Ni ma ina cikin yaran da suke rugawa da gudu in ta leƙo, ina tuna yadda take tsayawa tana kallonmu. Daga baya danginta suka zo suka tafi da ita ƙauye. Ba wanda ya zauna ya tambaya: a gari mai layuka ɗaruruwa, a damina, lokacin zazzaɓi, sau nawa ake samun layi ɗaya da zai rasa yara uku? In kuma abin ya fi ƙarfin dace, to wace rijiya gidajen nan uku suke ɗiba? Tambayoyi biyu ne, kuma ko wacce aka bi a cikinsu ba ta kaiwa ƙofar tsohuwa.

Kada ku ce wannan halin mutanenmu ne kawai. A ƙasar Holan, a 2003, kotu ta yanke wa wata nas ɗaurin rai da rai bisa zargin kashe marasa lafiya. Babban abin da ya fara jawo zargin shi ne an lura ana yawan samun mutuwa ko rikicewar majinyata lokacin da take kan aiki. Aka kawo wani lissafi gaban kotu cewa yiwuwar hakan ta faru da dace kawai ɗaya ce cikin miliyan 342. Masana ƙididdiga suka tashi suka nuna cewa lissafin a karkace yake, an tattara alƙaluman ne bayan an riga an sa mata ido, kuma an manta cewa cikin dubban nas-nas dole a sami wadda aikinta zai yi ta faɗawa kan ranakun baƙin ciki. Sai a 2010 aka wanke ta, bayan ta yi shekara shida da wani abu a kurkuku. Kwamandan dawakan nan ne sak, sai dai wannan karon da alƙalai da lauyoyi.

Amma fa kada a juya zancen. Dabarar ba ta ce komai dace ba ne. Amfaninta ma shi ne ta ba ka sanda da za ka auna da ita. Da a ce wata runduna ta rasa mutum 9 a shekara ɗaya, ko tana rasa huɗu-huɗu shekara biyar a jere, lissafin nan ne zai fara cewa wannan ba watsa tsakuwa ba ne, a je a duba bargar.

Bayan littafin ya fito, sai dabarar ta fara ɓullowa a wurare daban-daban, wasu ma ba ta hanyarsa suka same ta ba. A 1907 William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, ya ci karo da ita yana ƙirga ƙwayoyin yis a madubin ƙara girma. A 1909 wani ɗan Denmak mai suna Erlang ya yi amfani da ita wajen lissafin kiran waya da suke shigowa cibiyar tarho ta Copenhagen, don a san layi nawa ake buƙata. A 1910 Rutherford da Geiger suka ga ita ce take bayyana yadda ƙwayoyin alfa suke fita daga sinadarai masu tururin nukiliya, Bortkiewicz da kansa ya rubuta littafi kan wannan a 1913. Wanda ya fi burge ni shi ne na Landan. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun yi ta harbo bama-bamai masu tashi da kansu, mutane suka ga kamar suna taruwa a wasu unguwanni, aka yi ta cewa saiti ake yi. Bayan yaƙi, a 1946, wani ma'aikacin inshora, R. D. Clarke, ya raba kudancin Landan gida 576, ya ƙirga bam 537 da suka faɗa. Lissafin ya ce gida kusan 227 ba za su sami ko ɗaya ba. Da ya ƙirga, 229 ya samu. A cikin wannan yanki dai, bam ɗin faɗuwa kawai yake inda ya faɗa.

Shi kuma gogan, littafin bai sa ya zama tauraro nan take ba. Ya koyar na ɗan lokaci a Strasbourg, ya koma Rasha a 1897 ya yi aiki a ofishin fanshon ma'aikatan jirgin ƙasa, wurin da lissafin mutuwa da tsawon rai yake zama kuɗi a aljihun gwauraye da marayu. A 1901 Jami'ar Berlin ta ɗauke shi a matsayin mataimakin farfesa, kuma a wannan kujera ya zauna shekara 19. Sai a 1920 ya zama cikakken farfesa, yana da shekara 52. Duk malamin jami'ar da yake saurarona yana ƙorafin ƙarin girma, to ga ɗan'uwanka.

Gaskiya kuma halinsa bai taimaka masa ba. Mutum ne mai tsanani. Rubutunsa yana da wuyar karantawa, cike da alamomi da dogayen bayanan ƙasan shafi. Ajinsa ba ya cika. Bai yi aure ba, bai rubuta babban littafin koyarwa da ɗalibai za su riƙa haddacewa ba, bai kuma tara almajirai da za su yi ta yaɗa sunansa ba, kamar yadda Karl Pearson ya yi a Landan da mujallarsa da ɗakin bincikensa. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne karanta aikin wani ya zaƙulo inda aka yi kuskure. Kun san irin malamin nan da za ka kai masa shafi 40, ya wuce 39 ba yabo, ya tsaya a kan layi ɗaya? To shi ne. Ya yi ta fafatawa da mutanen Pearson, ya yi da Corrado Gini na Italiya, wanda ma'aunin gibin arziki yake ɗauke da sunansa har yau.

Su ma ba su ƙyale shi ba, kuma a ganina suna da abin faɗa. Na farko, sunan littafin yana ruɗarwa. Dokar Ƙananan Lambobi sai ka zaci kishiyar Dokar Manyan Lambobi ce, alhali sojojin da ake magana dubbai ne, waɗanda abin ya faɗa wa ne kaɗan. Na biyu, rundunoni huɗun nan da ya ware. Duk mai ƙididdigar da ya cire wani ɓangare na alƙalumansa sannan sakamako ya yi kyau, dole a ɗaga masa gira. Abin da ya cece shi a wurina shi ne bai ɓoye ba, ya buga na duka 14 ɗin, ya faɗi dalilin warewar. In ka haɗa duka, gurbi 280 ne, mutuwa 196, waɗanda ba kowa 144, lissafi kuma yana cewa 139. Ya yi kusa, amma bai kai na goman kyau ba. Na uku shi ne mafi nauyi: in lambobi ƙanana ne, ko da akwai bambanci na gaske tsakanin runduna da runduna, da wuya ka hango shi. Wato dacewar lissafin ba ta tabbatar da cewa duk kwamandojin ɗaya suke ba, ta dai nuna cewa waɗannan alƙaluman ba su isa a kama kowa da laifi ba. Shi kansa ya san da haka, kusan ma shi ne ainihin abin da yake son nunawa, sai dai labarin doki ya fi daɗin ba da wa, shi ya sa shi aka riƙe.

Wannan halin nasa na bin diddigi shi ya kai shi ga Karl Marx. A juzu'i na uku na Das Kapital, wanda ya fito a 1894 bayan mutuwar Marx, akwai wurin da ya yi ƙoƙarin nuna yadda darajar kaya, wadda yake aunawa da aikin da aka zuba, take rikiɗewa ta zama farashin kasuwa. Bortkiewicz, a rubuce-rubucensa na 1906 da 1907, ya nuna cewa an bar aikin a rabi. Ɗauki mai gidan burodi. Marx ya mayar da burodin da aka sayar zuwa farashi, amma fulawa da itace da abincin ma'aikata ya bar su a tsohon ma'aunin, alhali su ma a kasuwa aka saye su da farashi. Sai Bortkiewicz ya raba tattalin arziki gida uku, masu ƙera kayan aiki, masu yin kayan masarufi na ma'aikata, da masu yin kayan alatu, ya warware lissafin gaba ɗaya a lokaci guda. Sakamakon: abu biyu da Marx ya ce suna daidaita, jimillar farashi da jimillar daraja, da kuma jimillar riba da jimillar rarar aikin ma'aikata, ba kasafai suke daidaita duka biyun tare ba. Aikin ya kwanta shekara da shekaru, sai da wani Ba'amurke, Paul Sweezy, ya tono shi a 1942, daga nan muhawara ta kaure, har yau ba ta mutu ba. Abin dariya, masu son Marx suna kafa hujja da shi cewa ya gyara lissafin, masu ƙin Marx suna kafa hujja da shi cewa ya rusa shi.

Akwai wani littafin nasa da nake so in tsaya a kai, na 1917, Die Iterationen, wato maimaituwa. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Würzburg, Karl Marbe, ya duba rajistar haihuwa ta wasu garuruwa ya ce ya gano cewa duniya tana da wani hali na daidaita kanta: in aka yi ta rubuta maza a jere, to yiwuwar mace ta biyo baya tana ƙaruwa. Bortkiewicz ya rubuta littafi guda don ya nuna cewa ba haka ba ne. Ya tsara yadda ake lissafin jerin abu iri ɗaya, ya nuna cewa dogayen jeri suna zuwa gwargwadon yadda dace ya tanada, kuma abin da ya wuce ba ya bin na gaba bashi.

Wannan kuskuren na Marbe, wallahi kullum muna cikinsa. Matashin da ya faɗi caca sau shida a waya yana cewa na bakwai dole nasa ne, shi ne. Injin bai san ka faɗi shida ba, ɗan'uwa. Haka magidancin da matarsa ta haifi mata biyar a jere ya fara ɗaure fuska. In ka ɗauki yiwuwar namiji da mace rabi da rabi, mata biyar a jere kusan ɗaya ce cikin 32. Wato a cikin gidaje dubu masu 'ya'ya biyar, kimanin gida 30 mata ne zalla, wasu kimanin 30 kuma maza zalla. Ba laifin kowa a ciki. In ma ana neman wanda za a tuhuma, kimiyya ta ce daga ɓangaren uba ake samun ƙwayar da take raba namiji da mace, don haka Alhaji a sassauta fuska.

A shekarunsa na ƙarshe ya yi aiki kan yadda ake auna tashin farashi, da yadda ake auna gibin da yake tsakanin masu kuɗi da talakawa. A 1922 ya yi rubutu kan tazarar da take tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta a cikin tarin awo, fagen da Emil Gumbel ya faɗaɗa daga baya, wanda injiniyoyi suke amfani da shi yau in za su gina dam ko gada su ƙiyasta ambaliya mafi muni da za a iya gani a shekara 100. Cikin 'yan ɗaliban da suka jure zama da shi akwai wani matashi da ya zo daga Rasha, Wassily Leontief, wanda ya yi digirin dakta a Berlin a ƙarshen shekarun 1920. Shi ne ya tsara teburin da yake nuna yadda kowace masana'anta take sayen kayan wata tana sayar wa wata, ya kuma ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1973. In ka tuna gidan burodin nan da fulawarsa, za ka ga kamar da ƙanshin malamin a aikin ɗalibin.

Bortkiewicz ya rasu a Berlin ranar 15 ga Yuli, 1931, saura 'yan makonni ya cika 63, shekara ɗaya da rabi kafin Hitler ya hau mulki. Joseph Schumpeter ne ya rubuta ta'aziyyarsa a wata babbar mujallar tattalin arziki ta Ingila. Takardunsa da wasiƙunsa suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Uppsala a Suwidin. Dabarar da ya fito da ita daga kabari ya sa ta aiki, har yau sunan Poisson take amsawa, ko da yake akwai masanan da suke ganin sunansa ya fi cancanta. Teburin dawakan kuwa yana nan a littattafan ƙididdiga na jami'o'in duniya, ɗalibai suna danna 0.61 a kalkuleta, da yawansu ba su ma iya faɗin sunan wanda ya tattara shi.

Wanda ya gwada lissafin nan a wayarsa ya ajiye mana abin da ya samu a ƙasa, musamman na rundunoni 14, matsakaicinsu 0.7 ne, ku fara da 139. Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.